Abin da idon maɗinkiya ya gani a taron DragCon na Landan

Tun dawowata daga Landan, duk wadda ta kawo ɗinki shago sai ta rage murya ta ce, "Hajiya, wai da gaske kin je taron 'yan daudun Turawa?" Hoto ɗaya ne ya jawo mini wannan, wanda na ɗora a WhatsApp don yaran shagona su ga yadda ake jera dutse a jikin riga. Na gaji da maimaita labarin baki da baki, shi ya sa na zauna na rubuta shi tun daga farko.

Kayan amare nake ɗinkawa a Kano. Abin da ya kai ni Ingila haihuwa ce: Autarmu ta sauka, kuma ba ta da kowa a can sai mijinta. Aikin kula da tsofaffi take yi, suna zaune a Woolwich, kudu maso gabashin Landan. Bizar ziyara na nema, kuɗinta fam 115 a lokacin, fam ɗaya kuwa ta doshi naira dubu biyu, sai ku ƙiyasta abin da tikitin jirgi ya yi wa aljihuna. Na cika akwati da kuka, daddawa, busasshiyar kuɓewa, yajin jego da garin kunun kanwa. Kilishi da man shanu dai a gida na bar su, don Auta ta ja mini kunne cewa ba a shiga ƙasar da nama ko kayan nono daga wajenmu.

Bayan sallar asuba muka bar Kano cikin hazo, muka wuce Kwanar Dangora da Zariya, shingayen hanya na nan yadda kuka san su, direba ya san abin da zai ce wa kowa. A Rigasa na hau jirgin ƙasa zuwa Abuja. Tun harin da aka kai wa jirgin a watan Maris na 2022 ban taɓa zama cikinsa hankali kwance ba, amma muka isa lafiya. Na kwana gidan 'yar uwa, washegari na tashi.

A Heathrow masu fasfon Birtaniya da 'yan wasu ƙasashe suna bi ta ƙofar na'ura su wuce abinsu, mu masu kore kuwa layi ne mai lanƙwasa kamar ba zai ƙare ba. Da na iso gaban jami'ar, ta tambaye ni inda zan sauka, yaushe zan koma, da sana'ata. Na ce ɗinki. Ta ce wane iri? Na buɗe waya na nuna mata wata amarya cikin rigar dina, ta ɗan daɗe tana kallo kafin ta miƙo mini fasfo. Mijin Auta na jirana a waje da wata ƙatuwar rigar sanyi, kuma ban san amfaninta ba sai da iska ta buge ni a bakin tasha. Jirgin layin Elizabeth, wanda aka buɗe a 2022, ya ɗauke mu tun daga filin jirgin har Woolwich ba tare da mun canza ba. Ba a ba kowa kuɗi a hannu, kati ake dangwalawa a ƙofa.

Gidansu ɗaki ɗaya ne da falo, haya kuwa ta haura fam dubu a wata. A falo nake kwana. Wankan jego irin namu ba ya yiwuwa a wurin: ba itace, ba ganyen darbejiya, ga mita tana cin kuɗi duk lokacin da aka dafa ruwa. Muka yi abin da ya samu da butar lantarki da tawul. Abin da ya fi rikita ni shi ne lokutan sallah. Rana ba ta fitowa sai wajen ƙarfe takwas, ƙarfe huɗu da 'yan mintuna ta faɗi, sai ka ga Azahar da La'asar da Magariba sun taru a wuri guda, kana idar da wannan waccan ta shigo.

Cikin masu zuwa barka akwai wata abokiyar aikin Auta, 'yar ƙasar Filifin, mace mai fara'a da ta ɗan girme ni. Da ta ji sana'ata sai ta matso kusa. Ashe ita ma da rana tana kula da tsofaffi, da dare tana kan keke, kuma masu ba ta ɗinki maza ne da ke yin shigar mata su hau dandamali su yi wasa, waɗanda ake kira sarauniyoyin dirag. Ta nuna mini aikinta, na nuna mata nawa, muka shafe awa muna gardama kan yadda ake sa ƙashin koset, wato rigar matse ciki, kada ya lanƙwashe idan mutum ya zauna. Da za ta tafi ta ce akwai babban taronsu mai suna DragCon a ƙarshen mako, tana da tikiti biyu, wanda za su je tare ya fasa.

Ban amsa nan take ba. Na san hadisin da ya yi magana kan namiji mai kamanta kansa da mace, kowace ɗaliba ta Islamiyya ta san shi, kuma zuwa Landan bai goge mini shi ba. Auta ta ce, "Yaya, ba rawa za ki je yi ba. Kin sha cewa kina son ganin yadda suke haɗa waɗannan rigunan." Gaskiyarta ne. Duk maɗinkiyar da ke leƙa Instagram ta taɓa kwaikwayon wani hannun riga ko wani ɗaurin ƙugu ba tare da ta san daga inda ya samo asali ba. Na ce zan je in ga ɗinki, idan abin ya fi ƙarfina in fito.

Ranar Juma'a 10 ga Janairu 2025 muka tafi, da safe, ƙasa ta yi fari fat da raɓar ƙanƙara. Daga Woolwich tasha ɗaya ce tak, jirgin ya bi ta ƙarƙashin kogin Thames ya fito a Custom House. Tun a cikin jirgin na fara ganinsu. Wata doguwa ta sunkuyar da kai don kada hular gashinta ta taɓa rufi, tana riƙe da jakar leda da takalmin tsininta a ciki, ƙafarta kuwa sanye da kambas. Wani dattijo kusa da ita yana karanta jarida, ko ɗaga kai bai yi ba. A wurin, muddin mutum yana cikin shigar, "ita" kowa ke ce masa, ni ma haka zan rubuta.

Zauren da ake taron, ExCeL, yana bakin tsohuwar tashar jiragen ruwa ta Royal Victoria. An buɗe shi a 2000, shi ne aka mayar asibitin gaggawa lokacin korona a 2020, kuma abin da ya ba ni dariya, tun 2008 mallakar wani kamfanin Abu Dhabi ne. Wato Larabawa ne masu gida. A ƙofa aka duba jakunkuna. Mai gadin ya ciro ƙaramin gwangwanin da nake ajiye allura da zare da tef, ya buɗe, ya rufe, ya mayar. Ban taɓa fita babu shi ba, ko gidan biki ne.

A layi ƙawar Auta ta ba ni tarihin abin a taƙaice. Mai taron wani baƙar fata ne ɗan Amurka, RuPaul, haifaffen 1960, wanda ya fara gasar talabijin mai suna RuPaul's Drag Race a 2009. Wadda ta fara cin gasar, BeBe Zahara Benet, daga Kamaru take, maƙwabciyarmu. Kamfanin World of Wonder da ke shirya gasar shi ya ƙirƙiro taron DragCon a Los Angeles a 2015, ya kai shi New York a 2017, sannan Landan a 2020. Na farkon na Landan a zauren Olympia aka yi, jama'a suka yi yawa har masu tikiti suka tsaya a waje cikin sanyi. Daga 2023 aka dawo ExCeL.

Da muka shiga, abin da ya fara cika mini ido shimfiɗa ce ruwan hoda, doguwa, ta ratsa tsakiyar zauren, mutane sun yi dafifi hagu da dama. A kanta sarauniyoyin ke fitowa ɗaya bayan ɗaya, ana kiran sunansu, jama'a na ihu suna buɗe manyan mafitai da ƙara, ƙas, ƙas. Wannan ne kaɗai abin da zan kwatanta da gida kai tsaye: shigowar amarya ce a dina, sai dai amaren sun fi ɗari, kuma ba ango.

Ni dai ƙasan riguna nake kallo. A nan ake gane maɗinki. Mai gaggawa yana ƙawata ƙirji ya bar bakin riga a karkace, to a wurin nan na ga iri biyun duka. Akwai rigunan da na rantse an yi wata guda ana jera musu dutse da hannu, ɗaya bayan ɗaya, manya a ƙugu suna ƙanƙancewa har zuwa gwiwa, ta yadda ido zai ga ƙugun ya tsuke ko da bai tsuke ba. Mu a Kano dutse girma ɗaya muke watsawa ko'ina, mu ce ya yi ƙyalli. Akwai kuma waɗanda daga nesa sai ka ce masha Allah, da ka matso ka ga gam ya fito ta gefen leshi, an riƙe hannu da fil.

Aikinsu ya fi namu wuya ta fuska ɗaya. Ni jikin mace nake yi wa riga, ƙirar tana nan, gyara kawai nake yi. Su kuwa sai an fara gina jikin tukuna. Ana yanka soson katifa a sassaƙa shi ya zama ƙugu da cinya, a sa dogayen safa masu kama jiki hawa-hawa a kai don kada gefen soson ya nuna, a ɗaure ciki da koset, sannan a yi awo. Idan aka canza soso, awon ya tashi aiki. Kafaɗar namiji tana da faɗi, don haka suke ƙara girman gashi da ƙugu har kafaɗar ta koma daidai a ido. Gira ma da gam irin na 'yan makaranta suke shafe ta ta kwanta, a bi da hoda, a zana sabuwa a sama. A wani ɗan dandamali na tsaya na ga ana koyar da wannan, mata sun fi yawa cikin masu kallo, wasu har da littafin rubutu.

Wannan ma ya ba ni mamaki: akasarin 'yan kallo mata ne. 'Yan mata, iyaye da 'ya'yansu, tsofaffi a keken guragu. Na tambayi wata tsohuwa da muka zauna benci ɗaya me ya kawo ta. Ta ce tun tana yarinya ake kai ta wasan kwaikwayon Kirsimeti, wanda a al'adarsu namiji ne ke fitowa a matsayin uwar gida mai ban dariya, kuma har yau haka ake yi duk shekara. A da can ma, kafin 1660, mata ba sa hawa dandamali a Ingila, maza ne ke fitowa a matsayin mata. Don haka ita ba ta ga sabon abu ba, talabijin ce kawai ta ƙara masa kuɗi. Sai na tuna tashenmu na azumi, da muke yin Mairama da Daudu, a sa wa ɗayarmu babbar riga da hula ta zama miji, manya na dariya suna ba mu hatsi.

Amma kada in yaudare ku da tashe. Mafi yawan masu wannan wasa ba sa ɓoye cewa rayuwarsu ba irin wadda addininmu da dokarmu suka yarda da ita ba ce, tutocinsu masu launin bakan gizo na rataye ko'ina. Akwai kuma kalamai da raye-raye a babban dandamali da suka sa na juya baya na koma wajen masu sayar da kaya. Ba kuma duka maza ba ne: akwai mata da ke yin wannan shiga mai wuce kima, akwai masu shigar maza da gemun fenti.

Abin da na kasa daina tunani a kai shi ne 'yan daudun da na sani ina yarinya, masu tuyar kaji da waina a bakin tasha. Duk unguwa ta san miyarsu ta fi ta kowa, ana aiken yara su sayo, manyan mata na kiransu aikin biki, amma ba mai son a gan shi yana doguwar gaisuwa da su. Su ba wasa suke yi ba, ba su da dandamali, ba sa cire komai idan dare ya yi, kuma tun zuwan Hisba da dokar hana auren jinsi ta 2014 sai ƙara ɓuya suke yi. Na Landan kuwa sana'a ce mai tikiti da kamfani a bayanta, da yawansu idan an tashi sai su wanke fuska su sa wando su hau bas. Wanda ya ce abu ɗaya ne bai ga ɗayan ba.

Kasuwa ce, wannan shi ne gaskiyar taron. Kowace sarauniya tana da rumfarta, an ƙawata ta, ga layin masoya. Kafin ka ɗauki hoto da shahararriya, galibi sai ka sayi wani abu nata, riga ko hoto mai sa hannu ko mafici. Da farko na ga abin kamar son kuɗi, sai ƙawar Auta ta yi mini lissafi. Duk wadda aka ɗauka gasar ita ke zuwa da kayanta, riguna da hulunan gashi na makonni, wasu da bashi suke haɗa su. A Amurka kyautar ta tashi daga dala 20,000 a 2009 zuwa dala 200,000, amma mutum ɗaya ke ci. A Birtaniya kuwa, da yake BBC ce ke nunawa tun 2019, shekarun farko ba kyautar kuɗi ko kwabo, sai a 2024 aka sa fam 25,000. Saura duk a irin wannan rumfa da wasannin dare suke mayar da abin da suka kashe. Kuma bambancin a fili yake: wata layinta ya zagaye kwana, wata tana tsaye ita kaɗai cikin rigar da ta fi ta waccan kyau, tana murmushi ga masu wucewa. Duk wadda ta taɓa kama rumfa a baje koli ta san wannan tsayuwar.

Wuri ɗaya ne ba a sayar da komai. Kwanaki kaɗan kafin taron aka sanar da rasuwar The Vivienne, wadda ta fara cin gasar Birtaniya a 2019, tana da shekara 32. An keɓe mata wuri, mutane na rubuta saƙo suna kuka, wasu da gashin idon kanti ya saki saboda hawaye. Na ɗan tsaya daga gefe. Shekara talatin da biyu, sa'ar Auta ce.

Da Azahar ta yi na tambayi wata ma'aikaciya, ta nuna mini ɗakin sallah a cikin ginin. Na tarar da wasu 'yan mata biyu masu aikin abinci, 'yan asalin Bangaladash, muka yi sallah, suka tambaye ni ko ɓatan hanya na yi. Abinci a wurin tsada ne, ƙaramin faranti ya haura fam goma, ga shakkar yanka, don haka dankali soyayye da shayi na saya, na ƙara da dabinon da ke jakata.

Wajen fitowa daga can ne, a wani lungu bayan rumfuna, na ga wata sarauniya ta juya wa bango baya, hannunta biyu riƙe da rigarta, wani saurayi na ta fama da zif. Ba daga cikin na talabijin take ba, 'yar kallo ce da ta yi shigarta ta zo daga wani gari a arewacin Ingila. Zif ɗin ya buɗe daga ƙasa, irin siririn nan ne da ba ya ɗaukar nauyin koset. Na tsaya ina kallo har hannuna ya fara ƙaiƙayi. Na ce su ba ni wuri. Na ɗinke bayan rigar a jikinta da zare ninki huɗu, na gaya wa saurayin idan sun koma gida almakashi zai sa. Tana tsaye tana rawar sanyi, da murya ta namiji sosai take ce mini a asibiti take aiki, wata uku ta yi tana haɗa rigar a teburin kicin. Ta ciro kuɗi, na ce a'a, bizata ma ba ta yarda in yi aikin kuɗi ba. Ta tambayi ko za ta iya rungume ni, na ce a'a, ta dafa ƙirji ta ɗan rusuna, muka rabu a haka.

Ragowar yinin a rumfunan kaya na ƙarar da shi. Hulunan gashi masu leshi a goshi, takalman tsini masu lambar ƙafar maza, ɗan kunne da ya kai tafin hannu amma ba nauyi, don a kan fata ko roba aka jera duwatsun. Wannan dabarar na ɗauka, amarenmu na shan wahalar ɗan kunne mai tsinka kunne. Dutse kuwa na ɗaga fakiti na duba, irin wanda muke saye ne a Kano, daga Sin duk yake zuwa, sai dai farashin idan na juya shi zuwa naira sai in ajiye a hankali. Na faɗa wa ƙawar Auta nawa nake sayen yadin leshi mai dutse a Kantin Kwari, ta tsaya cak a tsakiyar hanya ta sa na maimaita.

Kafin Magariba muka fito, ƙafafuna sun yi tsami duk da takalmina shimfiɗaɗɗe ne. A tashar Custom House sarauniyoyi na zaune a kan benci, takalma a hannu, wata ta cire hular gashi ta sa a cikin kwali tana cin biredi.

Sauran zamana na jego ne da wankin kayan jariri, sai kasuwar Woolwich da nake zuwa sayen attaruhu da doya wajen 'yan uwanmu Yarabawa. Dawowa ba wani labari, illa akwatina ya yi nauyi na biya tara, kuma na iso Kano na tarar da ɗinkin biki uku na jirana.

Mako biyu da dawowata ƙawar Auta ta turo mini saƙo da hotunan launuka: tana son leshi mai dutse ja da ruwan gwal, da ashoke guda biyu, don wata cikin masu ba ta ɗinki ta ga ɗaurin goggoro a wayata ta ce sai ta yi irinsa. Na shiga Kwari na yanko, Alhajin da nake saye a wajensa ya ce, "Hajiya, wannan amaryar doguwa ce, yadi takwas?" Na ce doguwa ce ƙwarai, Alhaji, a ƙara rabi. Kayan na nan a ɗaure, muna jiran wani ɗalibi da zai koma Landan ƙarshen wata ya tafi da su.